Lafuzzan Bayyana Saɓanin Ra'ayi a Tarurrukan Jakadanci: Ingilishi, Rashanci da Hausar Fada a Ƙasar Zazzau

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba sauraron labarun duniya a rediyo ya sha jin an ce shugabannin ƙasashe biyu sun gana, sun yi musayar ra'ayoyi, ko kuma sun tattauna ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Manomin rake da ke Gazara, ko ɗan kasuwar da ke Makarfi, in ya ji haka sai ya ɗauka an rabu lafiya. Alhali kuwa sau da yawa abin da jimlar asali take nufi shi ne an zauna, an kasa daidaitawa, kowa ya kama gabansa.

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa lafuzzan da jakadu ke bayyana saɓani da su a Ingilishi a jere suke hawa-hawa, kamar matakalar tsani, kuma kowane lafazi yana da matakin da ya tsaya a kai. Wanda ya fassara kalma da abin da ƙamus ya ba shi, bai duba matakinta ba, to, zai sassauta abin da ya yi zafi, ko ya zafafa abin da bai kai ba. Za mu duba yadda wannan matsala ke damun masu jin Rashanci, domin matsalarsu ta yi kama da tamu ƙwarai. Daga nan kuma mu nuna cewa Hausa tana da nata tsanin tun fil azal, wanda ake jin sa a ƙofar dagatai da hakimai a ƙasashen Ikara da Makarfi da Kudan.

2.0 Dalilin kawo Rashanci cikin wannan bayani

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan biri da gada? Dalilanmu biyu ne. Na farko shi ne tarihi. Nijeriya ta ƙulla hulɗar jakadanci da Tarayyar Sobiyet a 1960. A lokacin yaƙin basasa, daga 1967, Sobiyet ta ba Gwamnatin Tarayya jiragen yaƙi, kuma Janar Yakubu Gowon ya ziyarci Mosko a 1974. A 1979 aka ba wani kamfanin gwamnatin Sobiyet kwangilar gina masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta. A irin waɗannan zama, harshen da ɓangarorin biyu suka fi haɗuwa a kansa shi ne Ingilishi, wanda ba harshen uwa ba ne ga kowanensu. Su ma Rashawa ba su bar Hausa ba. An buga ƙamusun Hausa zuwa Rashanci a Mosko a 1963 a ƙarƙashin jagorancin Shehun Malami Dmitri Olderogge, kuma Rediyon Mosko ya yi shekaru masu yawa yana watsa shirye-shirye da Hausa.

Dalili na biyu shi ne nahawu. Akwai wuraren da Rashanci da Hausa suka bi hanya ɗaya, Ingilishi ya bi wata dabam. Saboda haka ramin da ɗalibin Mosko ke faɗawa a ciki, shi ne ɗalibin Zariya ke faɗawa.

3.0 Matakan tsanin

3.1 Siffanta zaman da aka yi

Sanarwar bayan taro takan fara da faɗin yadda zaman ya gudana. In an ce an yi shi "in a cordial atmosphere", watau cikin raha da fahimta, to, babu wata rigima babba. In an ce ya kasance "constructive" ko "useful", ma'ana dai ba a ɓata lokaci ba, amma ba lalle ne an tsai da wata magana ba. In aka ce "businesslike", an yi abin da ya kawo mutane, ba sakin fuska. In kuwa aka ce an yi "a full and frank exchange of views", to, nan ne gizo ke saƙa. A ƙamus, kalmar "frank" yabo ce, watau faɗin gaskiya tsakani da Allah. A bakin jakada kuwa ma'anarta ita ce kowa ya gaya wa ɗan'uwansa abin da ba ya son ji, kuma ba a daidaita ba.

Rashawa sun san wannan salo a harshensu, domin kalmarsu "otkrovenno" haka take aiki a sanarwoyin gwamnatin Sobiyet. Alal misali, daga 29 ga Yuli zuwa 1 ga Agusta 1968 shugabannin Sobiyet da na Chekoslobakiya sun gana a wani gari na bakin iyaka, Chiyarna, sanarwar da aka fitar kuwa ta ambaci faɗar gaskiya da fahimtar juna. Kafin mako uku su cika, a daren 20 ga Agusta, sojojin ƙawancen Warso suka shiga ƙasar. Ke nan wanda ya san tsanin ya fahimci akwai ƙura tun daga sanarwar.

3.2 Yadda ake karɓar magana

Mataki na biyu ya shafi abin da taro ya yi da shawarar da aka gabatar masa. A nan jerin kamar haka yake, daga ƙasa zuwa sama:

(1) "takes note of": an ji, an rubuta;
(2) "welcomes": an yi na'am, an yi maraba;
(3) "endorses": an amince, an mai da abin na taro.

Lafazi na (1) shi ya fi ruɗa mutane. Har sai da Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya yanke hukunci a kansa a watan Satumba na 2001, ya ce lafazin tsaka-tsaki ne, ba ya nufin amincewa, ba ya nufin ƙi. Rashanci yana da takwaransa, "prinyat k svedeniyu", saboda haka a nan Rashawa sun huta. Mu ne ke da aiki. In mai fassara ya ce "taron ya yi la'akari da rahoton", mai sauraro zai ɗauka an auna rahoton an yi aiki da shi. In ya ce "ya karɓi rahoton", zai ɗauka an yarda. Abin da ya fi kusa shi ne "an saurari rahoton, ba a ce komai a kansa ba".

Haka kuma lafuzzan nuna rashin jin daɗi a Kwamitin Sulhu na Majalisar. Ana farawa daga nuna damuwa, zuwa nuna matuƙar damuwa, zuwa "deplores", watau nuna takaici, zuwa "condemns", watau la'anta ko yin Allah wadai. Mun lura cewa "Allah wadai" ta yi sauƙi a bakin masu fassara, har ana ɗora ta a kan kowane mataki. Wannan kuskure ne, domin jakadu sukan kwana suna jayayya a kan ko za a hau daga wannan kalma zuwa waccan.

3.3 Ƙidayar masu ra'ayi

Rahoton kwamiti ba ya cika ambaton sunayen ƙasashe. Abin da yake yi shi ne ya nuna yawan masu ra'ayi da kalmomi irin su "some", "several", "many" da "most". Hausa tana da isassun kalmomi a nan: waɗansu, da dama, da yawa, galibi. Sai dai akwai tarko guda. A rahotannin waɗansu kwamitocin Majalisar, in aka rubuta "the view was expressed that", ana nufin wakili guda ne kaɗai ya faɗi abin. Mai fassara kuwa zai yi saurin cewa "an bayyana ra'ayin cewa", kuma a kunnen Bahaushe "an" ɗin nan yakan ɗauki jama'a. Sai maganar mutum ɗaya ta koma ta taro. Gara a ce "wani wakili ya ce".

Har ila yau, "consensus" ba ita ce "unanimity" ba. Ta biyun ita ce baki ya zo ɗaya. Ta farkon kuwa ita ce an zartar ba tare da ƙuri'a ba, domin ba wanda ya tashi ya ja, ko da akwai masu ƙin abin a zuci.

4.0 Wurare uku da nahawu ke jawo ruɗani

4.1 Lokacin aikatau a maganar da aka ruwaito

In Bature zai ruwaito maganar da wani ya yi jiya, yakan mai da aikatau baya. Ga misali:

(4) "The minister said that his country was ready to sign."

Rashanci ba ya yin haka, Hausa ma ba ta yi. Dukansu biyu suna barin maganar a lokacin da mai ita ya faɗe ta. Fassarar (4) ita ce:

(5) Ministan ya ce ƙasarsa a shirye take ta sa hannu.

Ɗalibin da bai ƙware ba, Barashe ne ko Bahaushe, in ya ga "was" sai ya ɗauka shirin ya wuce, ya rubuta cewa a da ƙasar a shirye take. Da wannan 'yar kalma sai ya juya tayin sulhu ya koma janyewa.

4.2 Nisanta kai daga magana

Ingilishi yana nuna yarda ko shakkar mai ruwaya ta hanyar zaɓen aikatau. "Said" da "stated" ba su ɗauki ɓangare ba. "Pointed out" na nuna mai rubutu ya yarda abin gaskiya ne. "Maintained" na nuna akwai masu ja, shi kuma ya kafe. "Claimed" da "alleged" kuwa na nuna shakka. Rashanci yana da 'yan ƙananan kalmomi da ke wannan aiki, irin su "mol" da "yakoby". Hausa kuma tana da "wai". Bambanci tsakanin "ya ce sojojinsa sun janye" da "wai sojojinsa sun janye" ba ya ɓuya ga ko da yaro. Magatakardan taro ba shi da ikon sa "wai" a bakin wani ɓangare, sai fa in zai sa wa kowa. Abin da ya dace da shi shi ne "ya ce", "in ji", da "a cewar". Haka nan "ya yi iƙirarin" ta fi "ya ce" nauyi, kada a riƙa musanya su don ƙawata jimla.

4.3 Madanganci da Ƙuduri na 242

Misali mafi shahara a wannan fanni shi ne Ƙuduri na 242 na Kwamitin Sulhu, wanda aka zartar ran 22 ga Nuwamba 1967, bayan yaƙin kwana shida tsakanin Isra'ila da ƙasashen Larabawa. Nijeriya tana cikin Kwamitin a lokacin, har ma ita da Indiya da Mali sun gabatar da nasu daftarin. Wanda aka zartar na Ingila ne, jakadanta kuwa shi ne Lord Caradon, wanda a da, yana amsa sunan Hugh Foot, ya riƙe muƙamin Babban Sakataren Gwamnatin Nijeriya daga 1947.

Nassin Ingilishi ya nemi Isra'ila ta janye "from territories occupied", babu "the" kafin kalmar yankuna. Nassin Faransanci kuwa ya zo da "des territoires occupés", wanda ake iya karantawa da ma'anar yankunan gaba ɗaya. Tun daga ranar ake jayayya: janyewa daga dukkan yankunan, ko daga waɗansu? Rashanci ba shi da irin wannan kalma ta "the" ko kaɗan, saboda haka nassinsa bai raba gardama ba, sai da wakilin Sobiyet ya faɗa da bakinsa a zauren cewa su dukkan yankunan suka fahimta.

To, yaya Hausa za ta yi? Mukan liƙa madanganci, watau -n ko -r, a jikin suna in "da" ta biyo baya: "yankunan da aka mamaye". Wannan ya fi karkata ga fahimtar Faransanci. In muka ce "waɗansu yankunan da aka mamaye", mun koma ɗaya ɓangaren ƙarara. Watau harshenmu yana matsa mana mu zaɓa a inda masu daftarin suka ƙi zaɓa da gangan. A irin wannan hali ba abin da ya fi sai mai fassara ya kawo jimlar, sa'an nan ya ƙara wata da ke faɗin cewa ana saɓani a kan ma'anarta.

5.0 Tsanin Hausa a ƙofar hakimi

Kada a ɗauka wannan dabara Turawa ne suka zo mana da ita. Ita kanta kalmar "jakada" daga tsarin sarauta muka ɗauko ta. Kafin zuwan Turawa, masu sarautar Zazzau a birnin Zariya suke zaune, jakadunsu ne ke kai da komo tsakaninsu da garuruwan da ke ƙarƙashinsu, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a littafinsa na 1960 a kan mulkin Zazzau. Jakada yakan kai saƙon da bai yi daɗi ba, ya komo da amsar da ba ta yi daɗi ba, kuma dole ya san yadda zai faɗe su kansa ya tsira, zumunci kuma bai yanke ba. Ba abin mamaki ba ne da Malam Nuhu Bamalli, Magajin Garin Zazzau, wanda ya yi aikin rubutu da fassara a Kamfanin Gaskiya, ya zama Ministan Harkokin Waje na Nijeriya a ƙarshen Jamhuriya ta Farko.

Ƙasashen Ikara da Makarfi da Kudan, waɗanda duk ke cikin masarautar Zazzau, ƙasashen noma ne, musamman rake a fadamu. Inda ake noma kuwa ba a rasa rigimar iyakar gona, da ta rabon ruwa da rani, da ta ɓarnar dabbobi, da ta gado. Irin wannan magana takan tashi daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, kuma a kowane hawa sai wani ya ruwaito abin da aka yi a zaman baya. Ga yadda lafuzzan ke hawa:

(6) Ranka ya daɗe, baki ya zo ɗaya.
(7) An daidaita, sai ɗan abin da ba a rasa ba.
(8) An zauna, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa.
(9) Ba a tsai da magana ba tukuna, an ce a je a yi shawara.
(10) An kai ruwa rana.
(11) Kowa ya ja daga.
(12) An tashi baram-baram.
(13) An rabu dutse a hannun riga.

Mai karatu zai ga cewa (8) ita ce takwarar musayar ra'ayoyi, domin ba ta ce an yarda ba, ba ta ce an ƙi ba. Ta (9) ita ce abin da jakadu ke nufi in sun ce za a ci gaba da tuntuɓar juna. Ta (10) ta yi daidai da zaman da aka kira "frank". Daga (11) zuwa (13) kuwa an fita daga harshen sanarwa an shiga na 'yan jarida, domin ba gwamnatin da za ta rubuta haka a kan zaman da ta halarta.

Akwai kuma lafuzzan karɓar magana. In dattijo ya saurari bayani ya ce "To, mun ji", ba wanda zai tashi ya ce ya yarda. Wannan ita ce "takes note of" ba ragi ba ƙari. In ya ce "Madalla", ya hau mataki guda. In ya ce "Haka za a yi", magana ta ƙare. In kuwa talaka zai saɓa wa hakimi, ba zai ce "ban yarda ba". Cewa zai yi, "Allah ya ba ka nasara, gaskiya ne, sai dai akwai ɗan abin da nake so a duba." Duk wanda ke zauren ya san ƙi ne, amma an ƙi ba tare da an ci fuska ba, an kuma bar ƙofar komowa a buɗe. Wannan shi ne ainihin aikin harshen jakadanci a ko'ina.

6.0 Abin da ke biyo bayan ruwaya maras kyau

Domin kada a ɗauka wasan kalmomi muke yi, bari mu kawo misalai biyu masu kishiyantar juna.

Ran 4 da 5 ga Janairu 1967 shugabannin sojan Nijeriya sun gana a Aburi ta ƙasar Gana, bisa gayyatar Janar Ankrah. Gowon yana wurin, da Ojukwu, da Hassan Usman Katsina, Gwamnan Arewa. An tashi ana ganin an daidaita. Da aka komo gida sai ya bayyana kowa da abin da ya fahimta game da ikon jihohi da na tsakiya. Ojukwu ya riƙe cewa an amince da sassauta tarayya ƙwarai, manyan ma'aikatan Legas kuwa suka nuna haɗarin wannan fassara. Dokar soja ta 8 da aka fitar a watan Maris ba ta gamsar da Gabas ba. An yi shelar Biyafara ran 30 ga Mayu, aka fara yaƙi a watan Yuli. Ba mu ce lafazi ne ya haddasa yaƙin ba, dalilansa sun fi haka zurfi. Abin da muke cewa shi ne an fito da zaman da ke mataki na (9) a rigar mataki na (6), kuma da rigar ta yage sai kowane ɓangare ya zargi ɗaya da saɓa alkawari.

Misali na biyu shi ne sanarwar Shangai ta watan Fabrairu 1972, lokacin da Shugaba Nixon na Amurka ya ziyarci ƙasar Sin. A nan ba a yi ƙoƙarin rufe saɓani ba. Sai aka ware sakin layi, ɓangaren Sin ya faɗi matsayinsa, aka ware wani, ɓangaren Amurka ya faɗi nasa, sa'an nan aka kawo 'yan abubuwan da aka haɗu a kansu. Game da Taiwan, Amurka ta yi amfani da "acknowledges", watau ta san da matsayin, ba ta ce ta amince da shi ba. Hulɗar da aka ɗora a kan wannan takarda ta kai ga buɗe ofisoshin jakadanci a 1979. Saɓanin da aka rubuta a fili ya fi daɗewa a kan yarjejeniyar da kowa ya karanta yadda ya so.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna ba da shawarwari uku ga masu fassara a gidajen rediyo da jaridu, da malaman da ke koyar da su. Na farko, a riƙa koyar da waɗannan lafuzza a jere, mataki bisa mataki, ba ɗai-ɗai kamar yadda ƙamus ya warwatsa su ba. Na biyu, a nemi takwarar kowane mataki a Hausar fada da ta zaman sulhu kafin a ƙirƙiro sabon lafazi, domin mai sauraro ya riga ya san nauyin "mun ji" da na "an kai ruwa rana". Na uku, inda nassin asali ya bar magana a dunƙule da gangan, kada mai fassara ya warware ta da ra'ayinsa. Ya faɗa wa mai sauraro cewa a dunƙule take.

Muna kuma kira ga sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu, musamman Jami'ar Ahmadu Bello da ke maƙwabtaka da waɗannan ƙasashe, da su tura ɗalibai su zauna a ƙofar dagatai da hakimai, su tattara waɗannan lafuzza daga bakin dattawan da ke amfani da su. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Wanda aka ɗora wa ruwaito maganar wasu, shi ya fi kowa bukatar ya auna ta kafin ya zare.